Fashin baƙi: Selulos ya karɓu a gwajin cuta, me ya hana shi narkewa a cikin jiki?

Duk wanda aka taɓa soka wa allura a yatsa aka ɗiga jininsa a 'yar farar robar gwajin maleriya ya riga ya yi mu'amala da selulos da ƙwayoyin nano, ko da bai sani ba. A yawancin waɗannan robobi, jan layin da ma'aikacin lafiya ke dubawa tarin ƙwayoyin zinare ne, kowace faɗinta kusan nanomita 40, siririyar takardar da jinin ya bi kuwa daga auduga ko itace aka samo ta. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, silin gashin kai yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000.

Abin da masu bincike ke nema yanzu ya wuce nan. Ana son na'urorin awo masu araha da za su kama cuta tun alamarta ba ta taru a jini ba. Ana kuma son kayan dasawa a jiki, irin ƙusar ɗaurin ƙashi ko facin jijiya, waɗanda za su gama aikinsu su narke ba sai an sake tsaga mutum ba. Akan ambaci buƙatun nan biyu tare, kamar selulos zai biya su lokaci guda. Ba haka abin yake ba. Taurin kan da ya sa ya dace da na farko shi ne cikas a na biyu.

Bafaranshe Anselme Payen ne ya fara ware selulos daga tsirrai a 1838. Doguwar sarƙa ce ta sugan gulukos, dubbai a jere. Kusan kashi 90 cikin 100 na auduga selulos ne, itace kuwa kashi 40 zuwa 50. Sitacin gero da rogo shi ma gulukos ne a jere, bambancin yana wurin ƙulli: na sitaci alfa, na selulos beta. Enzayim ɗin da ke yawunmu da hanjinmu yana kwance alfa, ba ya iya taɓa beta. Saniya ma ba da kanta take narkar da ciyawa ba, ƙwayoyin halittar tumbinta ke yi mata aikin. Ƙullin beta yana miƙar da sarƙar, sai sarƙoƙi su kwanta gefe da gefe su manne, su zama zaren da ruwa ba ya narkarwa.

Yadda ake fitar da selulos na nano

Hanyoyi uku ne, kuma abin da ke fitowa daga kowace ba ya maye gurbin ɗan'uwansa.

Ta farko tana ba da 'yan gajerun sanduna masu tauri. Ana zuba tsabtatacciyar auduga a asid ɗin salfurik mai ƙarfin kashi 64 cikin 100, a digiri 45, ana motsawa minti 30 zuwa 60. Asid ɗin yana cinye sassan zaren da ba su jeru da kyau ba, ya bar waɗanda suka jeru. Sai a tsayar da aikin da ruwan sanyi kamar ninki goma, a wulwula a na'urar ware laka, a zuba a jakar dayalisis cikin ruwa mai tsabta na wasu kwanaki har asid ya fita, sannan a tarwatsa da sautin altrasonik. Sandunan kan kai faɗin nanomita 5 zuwa 20, tsawon 100 zuwa 300. In zafi ya haura ko asid ya yi ƙarfi, sai selulos ya koma suga, ruwan ya yi duhu, a tashi ba komai. In ya yi rauni, guntaye manya za a samu. Asid ɗin yana kuma barin ɗigon salfet a jikin sandunan, wanda ke ba su cajin lantarki mai sa su ture juna su zauna a warwatse cikin ruwa. To amma gishiri yana toshe wannan caji. Ruwan jiki kuwa gishirinsa kusan kashi 0.9 cikin 100 ne, saboda haka abin da ya yi kyau a kwalbar ɗakin gwaji yana iya dunƙulewa da zarar ya haɗu da jini.

Ta biyu tana ba da dogayen zaruruwa masu lanƙwasa. Injiniyoyin kamfanin ITT Rayonier a Amurka suka fara bayyana ta a 1983, ta hanyar matse jiƙaƙƙen zaren itace ta ƙaramar ƙofa da ƙarfi sosai, sau da yawa. Tana cin wuta, injin kuma yana yawan toshewa. A 2006 Tsuguyuki Saito da Akira Isogai na Jami'ar Tokyo suka sauƙaƙa lamarin: a fara jiƙa zaren a haɗin sinadarin TEMPO da sodiyam biromaid da ruwan bilic, ana ɗiga kostik soda don pH, wato ma'aunin tsami, ya tsaya a 10. Wannan yana dasa gungun kaboksil a bayan zaren, sai ɗan markaɗe kaɗan ya wargaza shi zuwa silin da faɗinsa nanomita 3 zuwa 4. Kashi ɗaya cikin 100 a ruwa ya isa ya yi kauri ya ƙi zuba. Aibinsa shi ne in ya bushe zaruruwan sun manne ke nan, jiƙawa ba ta mayar da su yadda suke. Dalili ke nan da ake sayar da shi a jiƙe, mai saye yana biyan kuɗin dakon ruwa.

Ta uku ba ta buƙatar itace. A 1886 A. J. Brown ya lura cewa yanar da ke taruwa a saman ruwan tsami selulos ce da bakteriya ke saƙawa, wadda yau ake kira Komagataeibacter xylinus. Abincin da aka fi ba ta shi ne haɗin Hestrin da Schramm na 1954: a lita ɗaya, gulukos giram 20, fefton giram 5, tataccen yis giram 5, daisodiyam fosfet giram 2.7, asid ɗin sitirik giram 1.15, a pH 6. Ana ajiyewa a digiri 28 zuwa 30, ba motsi, mako ɗaya zuwa biyu. Yanar a saman ruwa take fitowa domin bakteriyar tana son iska, shi ya sa faɗin faranti ya fi zurfinsa amfani. Abubuwa biyu ke ɓata wannan noma. Bakteriyar tana mayar da wani ɓangare na gulukos asid, pH ya faɗi, saƙa ta ja baya. In kuma aka ce a riƙa girgizawa don a samu da yawa, sai jikokin da suka daina saƙar selulos su rinjayi sauran. Bayan girbi ana dafa yanar a kostik soda a wajen digiri 80 don kashe bakteriya da narkar da gawarsu, a wanke har ta yi fari. Abin da ya rage kashi 99 cikin 100 ruwa ne, amma yana ɗinkuwa da allura.

Cikin robar gwaji

In aka fasa robar gwajin maleriya, za a ga tsiri mai faɗin milimita 3 zuwa 4, gaɓoɓi huɗu a jere a kan leda mai gam, kowace ta ɗan hau kan ta gaba. Akwai matashin karɓar jini, sai matashin zaren gilashi inda aka busar da zinaren da aka maƙala wa antibodi (furotin da ke gane alamar cuta ya kama ta), sai fatar naitroselulos (selulos da aka sarrafa da asid) mai layuka biyu, sai matashin selulos mai kauri a ƙarshe wanda ke zuƙe ruwan. Babu famfo, babu batir. Ruwa yana tafiya yadda kananzir ke hawa lagwani.

Me ya sa ba a yi duka da takarda zalla ba? Domin selulos zalla ba ya riƙe furotin da kyau, ruwa zai wanke antibodin. Naitroselulos kuwa yana kama furotin da kansa, sai a zana layi da antibodi mai kaurin kusan miligiram 1 a mililita, maikrolita 1 a kowane santimita, a busar a digiri 37. Zinaren ana dafa shi ne daga gishirin zinare da sitiret, hanyar da Turkevich ya bayyana a 1951. In ya yi daidai ja ne. In ya koma shuɗi-shuɗi ya dunƙule, sai zubarwa. Ana haɗa shi da antibodi a pH 8 zuwa 9, a toshe sauran gurabe da furotin albumin, a busar da shi cikin suga don ya tashi da sauri idan ruwa ya iso.

Masu yin fatar suna auna ta da daƙiƙoƙin da ruwa ke ɗauka ya ci santimita 4. Mai sauri tana ba da sakamako da wuri amma alamar cuta takan wuce layin ba a kama ta ba, mai nawa tana kamawa da kyau amma tana barin datti a baya. A nan zaren nano ke da rawar takawa: ana shafa shi don rage faɗin ramuka, ruwa ya ɗan daɗe a kan layi.

Yawancin kurakuran da ake gani a asibitoci ba daga ilimin nano suke ba. Jinin da ake buƙata kusan maikrolita 5 ne, in aka cika sai fatar ta yi ja, layi mai rauni ya ɓuya. Ruwan da ke zuwa a kwalin ba ruwa kawai ba ne, yana fasa jajayen ƙwayoyin jini yana daidaita pH, don haka sauya shi da ruwan famfo na iya fitar da layin ƙarya. Karanta sakamako bayan wucewar minti 15 zuwa 20 da aka tsara shi ma haka. Ga zafi: kwalaye da yawa an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, wasu 40, alhali Sakkwato da Maiduguri suna haura 40 a watan Afrilu, balle ɗakin ajiya mai rufin kwano. Akwai kuma abin da babu ƙwayar nano da za ta gyara. Furotin HRP2 da gwajin ke nema yana daɗewa makonni a jini bayan an warke, sannan an samu ƙwayoyin maleriya da ba sa yin sa sam, a Peru aka fara ba da rahotonsu a 2010, daga baya suka yi yawa a Eritiriya har ƙasar ta sauya irin gwajin da take amfani da shi.

A 2007 ɗakin binciken George Whitesides a Harvard ya nuna cewa ana iya zana hanyoyin ruwa a kan takardar tacewa. Zuwa 2009 an koma buga su da kaki: a buga zane, a ɗora a kan faranti mai zafin digiri 120 zuwa 150 na minti biyu, kakin ya nutse ya zama bango. Don awon suga, a ɗiga enzayim gulukos oksides da feroksides da fotasiyam ayodaid, launi ya koma ƙasa-ƙasa gwargwadon yawan suga. Matsalar ita ce launin yana gudu bakin da'ira ya bar tsakiya fari, sai an shafa citosan (sinadarin ɓawon jatan lande) ko zaren nano don ya riƙe shi.

Inda ake son lamba ba launi ba, sai a koma lantarki, hanyar da Leland Clark ya buɗe a 1962. A nan ake kawo girafin, fallen kabon mai kaurin atam ɗaya, wanda Geim da Novoselov suka ware a Manchester a 2004, da bututun kabon na nano, da dangin MXene, siraran fallaye na ƙarfe da kabon, da aka gano a Jami'ar Drexel a 2011. Duk suna ƙara faɗin fuskar da sinadari zai taɓa, suna kuma saurin kai lantarki. Zaren selulos yana hana su dunƙulewa a tawadar da ake buga na'urar da ita, gungun kaboksil ɗinsa kuma maƙali ne: a farkar da shi da sinadaran EDC da NHS a pH 5 zuwa 6, sannan a kawo antibodi a pH 7.4. EDC yana lalacewa a ruwa da sauri, a take ake haɗa shi. MXene kuma ruwa da iska suna cinye shi a ajiye.

Idan aka ji an ce wata na'urar girafin ta gano ƙwayar cuta ƙwaya ɗaya, a tambaya a wane ruwa aka gwada. A gishirin jini, cajin lantarki ba ya jiyuwa nesa da nanomita 0.7, antibodi kuwa tsawonsa 10 zuwa 15. Abin da ya kama yana can sama inda girafin ba ya jin sa. Shi ya sa ake tsarma samfur da ruwa mara gishiri sosai, wanda ba halin jinin majiyyaci ba ne.

Ruɓewa a ƙasa da narkewa a jiki

A 2015 masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka ɗora na'urar lantarki a kan takardar zaren nano, suka nuna funfuna tana cinye ta. Wannan riba ce ga shara. Amma a ƙarƙashin fatar mutum babu funfunar nan, babu enzayim selules mai narkar da selulos. Selulos ɗin bakteriya da aka dasa wa ɓeraye yana zama lafiya, ba kumburi mai yawa, yana nan daram. Saboda haka inda ya yi nasara wurare ne da ba a buƙatar ya ɓace: rufin ƙuna da gyambo, wanda aka fara sayarwa a Brazil da sunan Biofill, facin fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, da bututun jijiya mai ramin milimita ɗaya da Dieter Klemm ya gwada a jikin ɓeraye a Jena ta Jamus. Ramukansa ma sun yi wa ƙwayoyin jiki ƙanƙanta, sai an zuba ƙwallayen kaki a lokacin saƙa, a narkar da su daga baya su bar gurabe masu ɗaruruwan maikromita.

Don selulos ya narke a jiki sai an raunana shi da gangan, kuma wannan tsohuwar dabara ce. Tun shekarun 1940 aka fara sarrafa shi da iskar naitrojin dayoksaid har kashi 16 zuwa 24 cikin 100 na nauyinsa ya zama kaboksil. Shi ne asalin ƙyallen Surgicel da likitocin tiyata ke dannawa a inda jini ke tsattsafowa. Yana kumbura ya zama dunƙule mai taimaka wa jini daskarewa, jiki ya shanye shi cikin kwana 7 zuwa 14. Tsaminsa yana kashe bakteriya, amma yana iya cutar da jijiya da jinkirta haɗuwar ƙashi. Kumburinsa kuma haɗari ne a matsattsen wuri, shi ya sa ake cire shi in an yi amfani da shi kusa da lakar ƙashin baya ko jijiyar ido. In an bar da yawa, a hoton CT yana kama da maruru, har a sake buɗe mutum a banza. Seprafilm, wanda Amurka ta amince da shi a 1996 don hana hanji mannewa bayan tiyata, shi ma da sarrafaffen selulos aka yi shi, cikin mako guda ya bar wurin.

A lura da abin da ya haɗa su: duk ba sa ɗaukar nauyi. Akwai hanyar sinadarin feriyodet, wadda ke tsaga zoben gulukos tsakanin kabon na 2 da na 3, akwai kuma cusa enzayim selules cikin dashen. Kowace tana samar da narkewa ne a bakin ƙarfin zaren. Gwargwadon yadda aka tsaga zoben, gwargwadon yadda zaren ke rasa taurin da aka zaɓe shi dominsa.

Ga ƙashi, lissafin ya fito fili. Taurin ƙashi mai ƙarfi gigafaskal 15 zuwa 20 ne. Titaniyam 110, yana ɗauke wa ƙashi nauyi har ya rame. Robar PLA mai narkewa kusan 3 ce, ta yi laushi. Sandar selulos ta haura 100, don haka ake zuba kashi 1 zuwa 5 cikin 100 a PLA don ƙarfafa ta. Sai dai selulos yana son ruwa, PLA ba ta so, sandunan su dunƙule, kowane dunƙule ya zama inda tsagewa za ta fara. PLA ana narkar da ita a digiri 170 zuwa 200, a wannan zafi salfet ɗin da asid ya bari yana ƙona sandunan su yi baƙi, sai an fara kashe tsaminsu da soda. Ko kashe ƙwayoyin cuta ma abin tunani ne: tukunyar tururi mai digiri 121 ba ta damun jiƙaƙƙen selulos, amma PLA tana laushi tun daga 60, hasken gama kuma yana yanke sarƙoƙi.

Abokan takarar ma ba su tsira ba. PLA tana narkewa ta saki asid, asid ɗin da ya maƙale a tsakiya ya ƙara saurin narkewar ciki. Magniziyam, mai tauri 45, ya fi kusa da ƙashi, kuma ƙusar MAGNEZIX da aka yi da shi ta samu izinin Turai a 2013, amma kowane giram ɗaya yana sakin kusan lita guda ta iskar haidrojin, wadda ke taruwa a nama in narkewar ta yi sauri. Ragar buɗe jijiyar zuciya ta Absorb, ta PLA, ta samu izinin Amurka a 2016, kamfanin Abbott ya daina sayar da ita a 2017. Sandunanta sun kai kaurin maikromita 150, kusan ninki biyu na ragar ƙarfe, kuma daskarewar jini ta fi yawa a cikinta. Na'urorin lantarki masu narkewa da John Rogers ya fito da su, daga silikon mai narkewa na 2012 zuwa na'urar daidaita bugun zuciya ta 2021, a kan siliki da robar PLGA aka gina su, ba selulos ba, domin waɗannan jiki yana iya cinye su.

Wanda zai auna ko wani sabon dashe na selulos ya cancanci a kira shi mai narkewa, ya duba abu uku. A wane ruwa aka auna raguwar nauyinsa: in an zuba selules, gwajin ƙasa aka yi, na jiki sai ruwan gishiri mai pH 7.4 a digiri 37. Ina sandunan suka tafi bayan robar ta narke: ƙoda ba ta tace abin da ya wuce nanomita 5 zuwa 6, sanda mai tsawon 200 a hanta da saifa za ta sauka. Sannan in na bakteriya ne, nawa ne ragowar gubar bangon bakteriyar, wadda ke haddasa zazzaɓi ko bayan ta mutu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙayyade kada gubar ta wuce ma'auni 20 ga kowace na'ura mai taɓa jini, ga mai taɓa ruwan ƙwaƙwalwa da laka kuwa 2.15, kuma tururin digiri 121 ba ya lalata wannan guba.